Amsar Wasiƙunku: Me Ya Sa Kifin Tafkinmu Ya Daina Cin Ƙugiya?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi da ke haɗawa da su idan rani ya yi, don ya sami na cefane. Ya ce a da in ya jefa fatsa a tafkin garinsu ba ya komawa gida hannu rabbana, amma yanzu masunta sun yi yawa, sai ya wuni bai kama ko ɗaya ba, alhali yana ganin kifi na wasa a saman ruwa. Wai ko sammu aka yi wa tafkin?

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Ba sammu ba ne. Kifin ne ya yi wayo.

A shekarar 1970 wani masani a ƙasar Holan, mai suna Beukema, ya nuna cewa kifin da ƙugiya ta taɓa sokewa ya kuɓuta yakan daɗe yana gudunta. A Amurka kuma akwai wani kifi da ake kira bas, mai faɗin baki, mai farautar ƙananan kifaye kamar yadda giwan ruwa ke yi a nan. Masana na jihar Ilinoi sun ware bas masu saurin cin ƙugiya daban, masu ƙin ci daban, kowane rukuni ya hayayyafa. Sakamakon da suka buga a 2009 ya nuna cewa 'ya'ya suna gadon halin iyayensu. Ka ga ke nan, in aka yi shekaru ana kwashe masu kwaɗayin, masu tsoron ne za su rage, su ne kuma za su haifi na gaba. Abin da ya sami tafkinku ke nan, in dai kifin na nan kamar yadda ka ce.

Yanzu mene ne abin yi? Kada ka yi abin da kowa ke yi. In jama'a na zuwa da hantsi, kai je ka da asuba ko bayan magariba. Tarwaɗa dai da dare ta fi kiwo, kuma da gashin bakinta take lalubo abinci, ba da ido ba, saboda haka abu mai ƙarni kamar hanjin kaza ko tana ya fi jawo ta. Ka bar mashigar nan da kowa ke tsayawa, inda mata ke wanki, shanu ke shan ruwa. Nemi gindin kachalla, ƙarƙashin icen da ya faɗa ruwa, ko inda rafi ke shigowa tafkin. Wurin da ake ƙyashin zuwa don ƙaya ko taɓo, can manyan suke laɓewa.

Sai maganar ƙara, wadda mutanenmu ba su ɗauke ta a bakin komi ba. Kifi na da wata jijiya a gefen jikinsa, daga kai zuwa wutsiya, da yake jin motsin ruwa da ita. Takunka a bakin gaɓa, jefar da bokiti, buga filafili a jikin kwalekwale, duk yana ji. In kuma inuwarka ta faɗa kan ruwa, ka riga ka yi masa sallama. Zauna nesa kaɗan da bakin ruwa, ka yi shiru. Mai son hira ya jira a dandali.

Rage girman ƙugiya, ka sa zare siriri, ka rufe bakin ƙugiyar da ƙoto sarai. In kowa tana yake sawa, gwada gara ko fara. Mai neman giwan ruwa kuwa ya sa ƙaramin kifi mai rai. In ka yi ɗan lokaci ba a taɓa ba, sake wuri, kada ka kafe.

Amma Malam, dabarar mutum ɗaya ba ta gyara tafki. In ana jan koma mai ƙananan idanu ana kwashe 'ya'yan kifi, ko ana zuba maganin ƙwari irin su Gamalin, wanda ke kashe manya da ƙanana ya kuma cutar da mai ci, to wata rana ko mai wayon ba za ka gani ba. Dubi Argungu: ana hana su a Matan Fada sai ranar biki, shi ya sa ake fito da manyan kifaye. Ku sami Sarkin Ruwa da Mai Gari, ku tsai da watannin da za a hutar da tafkin, musamman farkon damina lokacin da tarwaɗa ke zuba ƙwai. Wanda ya kama karfasa da ƙwai a bakinta ya mai da ita ruwa, don a baki uwar ke renon 'ya'yanta.

Ka gwada na wata guda, ka sake rubuto mana yadda aka kwashe.