Wa zai biya kuɗin wasa? Wasannin jami'a da kasuwar 'yan kallo a Tawa



Duk lokacin da aka yi zancen kuɗi a wasannin jami'a, Amurka ake nunawa da yatsa. Filin ƙwallon Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 100,000. A 2022 gungun jami'o'in Big Ten ya sayar wa gidajen talabijin iznin nuna wasanninsa a kan kimanin dala biliyan 7 na shekara 7. Ɗaliban da ke zub da gumin kuwa, sai a 2021 aka yarda su ci kuɗin talla da sunansu, a 2025 kuma kotu ta amince jami'a ta riƙa biyan su kai tsaye. Duk da wannan dukiya, yawancin jami'o'in can faɗuwa suke yi, daga aljihun makaranta ake cike giɓin.

Abin da ya kawo kuɗin shi ne jama'ar da ke jin ƙungiyar tasu ce tun kaka da kakanni. Jami'armu ta Jibo Hamani a 2010 aka kafa ta, tsofaffin ɗalibanta yanzu suke kama ƙasa. Wasanninta kuma suna ƙarƙashin CROU, hukumar da ke ciyar da ɗalibai da ba su makwanci. Daraktan da aka ce ya zaɓa tsakanin buhun shinkafa da rigunan 'yan ƙwallo, kowa ya san abin da zai ɗauka, ni kuwa ban ga laifinsa ba.

Ƙwallon ƙasa ma haka yake tafiya. Dubi ƙungiyoyin da ke riƙe da gasar Nijar: AS FAN ta soja, AS Douanes ta duwan, AS GNN, Nigelec, Sonidep. Kowace da uwar gijiyarta mai biyan albashi. Kuɗin ƙofa ba ya riƙe ko ɗaya.

To ina 'yan kallon Adar suke? Suna filin kokawa. A nan Tawa aka fara gasar takobi a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kuma har yau idan an buga ganga, ɗan kasuwa da ɗan siyasa da ɗan cirani da ya dawo daga Abijan rige-rigen yin kari suke, wato kyautar kuɗi ga 'yan kokawa, sanƙira na faɗin sunansu. Kuɗi ne na gaske, ba wanda ya roƙe shi. Mai kari suna yake saye a gaban jama'a, abin da kamfanin Amurka ke saye ke nan a talabijin.

Shawarata ita ce jami'a ta shirya gasar kokawa ta ɗalibai bayan an yi girbi, kowa ya shiga da sunan garinsu: Abalak, Keita, Cintabaradan, Illela. Mutumin Keita ba zai biya ya kalli sashen shari'a ya kara da sashen tattalin arziki ba, amma zai zo don ɗan garinsu. Sai dai tun kafin a buga gangar farko a rubuta kason ɗan kokawa da na asusun jinyar wanda ya karye, kada mu jira kotu kamar Amurka.