Ƙaura da Babur Daga Wata Jiha Zuwa Wata

Jawabin da ma'aikacin Ofishin Labaru ya yi wa hakimai da magatakardansu

An umarce ni in yi muku bayani bisa wata magana wadda a ido ƙarama ce, amma ba safai wata kan wuce ba ta zo zaurenku ba, watau yadda mutum zai tashi da baburinsa daga wata jiha ya koma wata, da abin da Hukuma ke nema gare shi na rajista da haraji, da kuma yadda za a ɗora baburin a mota ya isa lafiya. Ni yaro ne a gabanku, ban zo koya muku riƙon jama'a ba. Abin da ke cikin takardun Hukuma shi na kawo.

Baburin da na fi nufi shi ne ƙaramin nan mai wurin ajiye ƙafa a gaba, irin Vespa, wanda mutanenmu ke kira basfa. Kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya ne ya fara ƙera shi a 1946, ya kuwa zama abin hawan malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti shekara da shekaru. Yanzu ƙannensa da a ke ce wa roba-roba sun fi shi yawa a kan titi. A wurin doka dai duk ɗaya su ke, har da babban babur irin na 'yan acaɓa.

Bari mu ɗauki misali. Ga ma'aikaci a Zariya, an yi masa canjin wurin aiki zuwa Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 400. A zamanin Jihar Arewa larduna uku zai taka, Zazzau da Katsina da Sakkwato, dukansu kuwa ƙarƙashin Gwamnati ɗaya ta Kaduna. Kayansa sai ya sa su a jirgin ƙasan da ke bi ta Funtuwa da Gusau, layin da ya isa Ƙauran Namoda a 1929, daga Gusau mota ta ƙarasa. Amma a 1967 aka rushe wannan tsari aka yanka jihohi 12. A 1987 aka cire Katsina daga Kaduna, a 1996 aka cire Zamfara daga Sakkwato. Saboda haka mai wannan tafiya yau jihohi huɗu zai taka, ko wacce da gwamnanta da ofishin tara kuɗin shigarta da dokokinta na hanya. Hanyar ba ta ƙara tsawo ba, masu tambaya ne suka ƙaru.

To, da ya ke masu tambaya sun ƙaru, sai talaka ya yi abin da ya saba tun kaka da kakanni, ya zo wurin hakimi neman takarda. A nan ne maganar ta shafe ku. Takardar hakimi shaida ce a kan mutum: an san shi, an san ubansa, an san gidansa da sana'arsa. Ba shaida ba ce a kan ƙarfe. Hakimi bai ga ranar da aka sayi baburin ba, bai san hannu nawa ya bi ba kafin ya zo nan. Ɓarawon babur kuwa ba abin da ya ke so kamar ya raba shi da garin da aka san shi, ya tsallake iyakar jiha da shi. Kun fi ni sanin abin da 'yan bindigan daji ke hawa, kun kuma san ba a kanti su ke sayen dukansu ba. In har aka kama baburin sata a Talatar Mafara, aka tarad da hatimin wani hakimi a aljihun mai tura shi, ba sunan magatakarda za a fara ambata ba. Domin haka roƙona shi ne kada hatimi ya hau takarda sai magatakarda ya ga takardun baburin da idonsa, ya kuma gwada su da baburin kansa.

Takardun ga su. Akwai rasit na saye daga dila, da takardar kwastan mai nuna an biya kuɗin fito sa'ad da aka shigo da shi ƙasar. Akwai takardar mallaka mai sunan mai shi, da takardar da aka ba shi lamba da ita. Akwai lasin babur na shekara, da takardar lafiyar abin hawa daga ma'aikatan duba motoci da a ke kira VIO, da takardar inshora. Shi mahayin kuma yana da nasa lasin na tuƙi, na babur shi ne mai harafin A. Wanda ya ce tasa ta ɓace, ba a gardama da shi, sai a tura shi ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya yi rantsuwa a kotu, ya koma ofishin da ya ba shi ta fari a sake masa. Wasiƙar hakimi ba ta maye gurbin ko ɗaya cikinsu.

Yanzu ga aikin da na ke so malamai magatakarda su riƙe da kyau, gama shi ne zuciyar al'amarin. Ko wane babur yana da lamba biyu da aka buga a jikin ƙarfensa tun daga masana'anta, lambar gangar jiki da lambar inji. A yawancin babura ta gangar jiki tana wuya, ƙarƙashin kan, ta inji kuma tana gindin injin. A basfa sai an cire murfin gefe a duba. A sa mai shi ya goge wurin da tsumma, magatakarda ya durƙusa ya karanta harafi harafi, wani na riƙe da takarda yana bi. Kada a yarda mai babur ya karanto da bakinsa. In an ga wurin ya sha goga ya yi santsi fiye da kewayensa, ko sabon fenti a nan kaɗai, ko haruffan ba su hau layi ɗaya ba, wani ya fi wani zurfi, to, a ajiye alƙalami. Ba a ce a kama kowa ba, wannan ba aikinku ba ne. A dai hana takarda, a sanad da 'yan sanda. Na san durƙuso a gaban babur da babbar riga ba abin marmari ba ne, amma bai kai minti biyar ba.

Sai maganar lambar da ke maƙale a baya. Mutane da yawa suna zaton wanda ya ƙaura tilas ya canja lamba nan take, waɗansu kuwa na cin kuɗinsu da wannan zato. Ba haka ba ne. Tun da aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988 aka yi ta ƙoƙarin haɗa rajistar ababen hawa wuri ɗaya. A 1992 aka fito da lamba iri ɗaya ga ƙasa duka, aka sake mata fasali a 2011. Haruffa ukun farko na sabuwar lambar suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, misali ZAR ta Zariya ce, KMC ta Birnin Kano. Rubutu shuɗi na abin hawan mutum ne na kansa, ja na haya, kore na Gwamnati. Lambar da aka bayar a Zariya lamba ce a Sakkwato, lamba ce a Fatakwal. Haka lasin da aka biya, yana nan da ƙarfinsa har watanninsa 12 su cika, ba a sake biyan wani domin an tsallake iyaka. In wa'adin ya cika sai mai shi ya tafi ofishin lasin na inda ya ke zaune da tsofaffin takardunsa. Ni dai a ganina, wanda ya san zaman ke nan, ba dawowa, gara ya nemi a sake masa rajista a sabuwar jiharsa, domin ran da wata magana ta taso fayil ɗinsa na kusa. Wanda ya je aikin shekara ɗaya ko biyu, kamar ɗan hidimar ƙasa ko ɗalibi, ba shi da wannan bukata.

Kuɗin lasin da na rajista na Gwamnatin jiha ne, ofishin tara kuɗin shiga na jiha ke karɓa, kuma abin da a ke biya yakan bambanta daga jiha zuwa jiha. Tun da aka mai da En'e ƙananan hukumomi a 1976 ba a sa wannan kuɗi a hannun sarakuna ba. Ita ƙaramar hukuma ma, abin da Tsarin Mulki na 1999 ya ba ta shi ne lasin keke da baro da amalanke da kwalekwale, watau marasa inji, sai kuma kula da tashoshin mota. A 1998 an yi wata doka wadda ta jera harajin da ko wace hukuma za ta karɓa, ta kuma hana a tsare hanya domin karɓar haraji. Saboda haka in kuka ji samari sun gicciya itace a ƙasarku suna karɓar kuɗi daga baƙin babura da sunan wai lambarsu ta wata jiha ce, ku sani ba da yawun Hukuma su ke yi ba, sunan garinku kuwa su ke ɓatawa. A gargaɗi jama'a kuma su guji dillalan takardu da ke tsaye bakin ofis, su biya inda za a ba su rasit na Gwamnati. Wanda zai yi haya da baburinsa, shi ne ke da ƙarin magana, gama sai ya nemi izni a sabuwar jihar ya kuma shiga ƙungiyar masu sana'ar.

Inshorar da doka ta wajabta ita ce mai biyan wanda ka yi wa ɓarna a hanya. A farkon 2023 hukumar kula da kamfanonin inshora ta yanka kuɗinta na babur Naira 3,000 a shekara. Takardun jabu sun yi yawa a wannan fanni, amma ana iya duba ta gaskiya a intanet da lambar babur, yaran gidanku sun iya. Abin lura shi ne wannan inshora ba ta biyan mai babur kome in nasa ya lalace, balle a ce a bayan mota ya karye.

Akwai tambayar da ya kamata a yi tun ba a ɗaure kaya ba: shin garin da za a je an yarda a hau babur a cikinsa? A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja. A 2011 aka hana hawan babur a Maiduguri saboda rikicin Boko Haram. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni da kewaye. A 2021 Zamfara da Katsina da Sakkwato suka ƙuntata zirga-zirgar babura a waɗansu yankuna, a 2022 kuma Ikko ta tsananta nata hanin a waɗansu ƙananan hukumomi. Irin waɗannan dokoki ana sassauta su ana tsananta su gwargwadon hali, wata ta shafi 'yan haya kaɗai, wata kowa da kowa, wata da dare kawai. Sai mai tafiya ya bincika wurin wanda ke zaune can kafin ya biya kuɗin mota.

In kuwa ƙaurar ta haɗa da ciniki, watau an sayar wa wani zai tafi da shi, a rubuta yarjejeniya da sunan mai saye da mai sayarwa, da lambobin nan biyu, da kuɗin, da shaidu biyu, sa'an nan su tafi ofishin lasin a canja suna. Muddin ba a canja ba, littafin Hukuma mai shi na fari ya sani, ko me aka aikata da baburin ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Saura ɗauka. Ƙaramin babur ba na doguwar hanya ba ne, ƙafafunsa ƙanana ne, rami ɗaya ya ishe shi, ga kuma halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta shiga a shekarun nan. A ɗora shi a mota ya fi. A tafi tasha, a yi ciniki a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, ba da wanda aka tsayar a bakin titi ba. A rubuta takardar ɗaukar kaya da sunan direba da lambar motarsa da ta wayarsa, da lambobin babur, da kuɗin da aka biya, da sunan wanda zai karɓa a can. A ɗauki hotonsa ta ko wane gefe kafin a ɗora, domin kada gobe a ce dā ma haka ya ke. A zuƙe man fetur, a rufe famfon mai in yana da shi, a cire wayar batir, a kwance madubai a naɗe su dabam. A tsaye za a ɗaure shi, kada a kwantar, gama in ya kwanta baƙin mai da ruwan batir kan bi inda bai kamata ba. Jikin basfa shi ne ƙashin bayansa, faranti ne na ƙarfe da aka matsa, in buhun masara ya danne shi ya lotsa, gyaransa sai gwanin maƙeri. Roba-roba kuwa igiya kawai ta isa ta tsaga masa murfi, sai a ɗaura a ƙarfe, a sa tsumma ko buhu ƙarƙashin igiyar.

Direba a ba shi kwafin takardu da wasiƙar mai babur mai cewa shi ya ba shi ya kai wuri kaza, domin masu tsaron hanya za su tambaya. Takardun ainihi da makulli su zauna wurin mai shi. Wanda ya haɗa wa mutum babur da makulli da takardun ainihi, ya ba shi duk abin da a ke bukata a sayar.

Ita kuwa takardar da za ku bayar, in an gamsu, a taƙaita ta. A ce wane ɗan wane, na unguwa kaza, sananne ne gare mu, zai koma gari kaza, ya nuna mana babur mai lamba kaza da kaza, mun gwada da takardunsa sun dace. Kada a rubuta cewa hakimi ya tabbata baburin nasa ne, a tsaya kan abin da ido ya gani. A sa kwanan wata, a ajiye kwafi a fayil, a shigar a littafi. In baƙo ya sauka a ƙasarku da irin wannan takarda daga wani hakimi, mai unguwa ya kawo shi, magatakarda ya sake gwada lambobin kamar yadda aka yi can, kāna a nuna masa hanyar ofishin lasin mafi kusa.