Duba Rasit Kafin Ka Bar Kanti

(Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin Zumuntar Mata a Sabon Tasha, Kaduna)

Da sakatare ya sanar cewa yau za mu yi magana a kan rasit, wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Pasto, wa'azin ya ƙare ne?" Bai ƙare ba, Baba. Amma mu da muke ziyarar gidaje mun san yadda tukunya take a kwanakin nan, mun kuma san cewa akwai kuɗin da ke zubewa daga hannun jama'armu ba su sani ba.

Bari mu fara da kanmu. Kwanan baya muka shiga wani babban kanti a nan kudancin gari tare da uwargida. Muka ɗauki man girki, a jikin kanta an rubuta naira 8,500. Muka ɗauki sabulu guda uku, kowanne naira 600, da wasu 'yan kaya. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta faɗi jimla, muka miƙa kati, muka fito. Mu dai har mun dunƙule takardar za mu jefar. Uwargida ce ta karɓa, ta tsaya a bakin ƙofa tana bin ta layi layi da yatsa, mu kuwa muna ta gunaguni wai za mu makara. Sai ga man a rubuce naira 9,700, sabulu kuma an lissafa huɗu. Naira 1,800 ke nan a shiga ɗaya, kuɗin da zai kai mutum cikin gari ya dawo da shi Sabo. Muka koma, aka ba mu haƙuri, aka mayar mana. Tun daga ranar ba mu ƙara yi mata gunaguni a kan wannan ba.

Yaya haka ke faruwa? A irin waɗannan kantuna farashi yana zaune a wuri biyu. Ɗaya yana cikin kwamfuta, shi ne na'ura take karantawa idan aka goga kaya a kanta. Ɗaya kuma yana kan 'yar takardar da aka manna a jikin kanta, wadda sai wani yaro ya zaga ya canza da hannu. Idan sabon kaya ya zo da tsada, a cikin minti ɗaya an gyara na kwamfuta, na kanta kuwa yana iya yin mako yana jira. Haka nan hannun mai goga kaya yana iya wucewa sau biyu, ko a buga kuɗin babban gwangwani alhali ƙarami ka ɗauka. Da yawa kuskure ne na gaskiya, mun yarda. Abin da ke ba mu mamaki shi ne, da wuya ka ji kuskuren ya faɗa wajen mai saye.

Iyayenmu mata na dā ba a yi musu wannan, gama farashin kome yana kansu. Yanzu wa zai iya riƙewa? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kaya suka dinga tashi kusan kowane mako. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Mutumin da ya saba jin "ya ƙaru" kullum, idan aka faɗa masa jimla mai yawa ba ya tambaya. Yana cewa a ransa, to, haka ƙasar ta zama, ya biya ya tafi.

Ya kamata mu sani cewa doka ba ta yi shiru ba. Akwai dokar tarayya ta 2018 a kan gasar kasuwanci da kare hakkin masu saye, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Sashe na 115 na dokar ya hana mai kanti ya sa ka biya fiye da farashin da ya nuna a kan kaya. Wato idan an rubuta 8,500, to 8,500 ne hakkinka, kuma "ba mu samu mun canza takardar ba" matsalar mai kanti ce. Dokar ta kuma ce a ba mai saye shaidar ciniki a rubuce. A watan Fabrairu na 2024 hukumar ta rufe kantin Sahad da ke Garki a Abuja, ta ce farashin da ke kan kanta bai yi daidai da wanda ake karɓa a wurin biya ba. Ba a daɗe ba aka sake buɗe shi bayan masu kantin sun yi alkawarin gyarawa. Mun kawo wannan domin ku ga cewa wanda ya tsaya yana tambaya a wurin biya yana kan hakkinsa, ba neman fitina yake yi ba.

Sai maganar harajin VAT, wanda ke rikita mutane da yawa. An fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ƙara shi zuwa kashi 7.5 a watan Fabrairu na 2020. Lissafinsa ba wuya: a kayan naira 10,000, harajin naira 750 ne. In ka ga ya wuce haka, tambayi dalili. Ainihin kayan abinci irin su shinkafa, masara, wake da doya ba a ɗora musu wannan haraji. In ka gan shi a kansu, nuna wa manaja.

Mun san yawancinmu ba a manyan kantuna muke cefane ba. A kasuwar Sabo muke yi, ko a Television, ko mu jira ranar Litinin mu tafi Kakuri. A can babu rasit, idonka ne rasit. Dubi gindin mudun, ko an buga shi ya shige ciki. Dubi ko mudun da aka nuna maka shi ne aka auna maka da shi. A gidan mai, kada ka yi ta hira da mai sayarwa sai ka ga lambar famfo ta koma sifili. A wurin masu POS, karanta adadin da aka buga kafin ka sa lambar sirrinka, gama sifili ɗaya ya isa ya mai da 5,000 ta zama 50,000. Ku tuna abin da muka sha a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da muke sayen nairarmu da nairarmu.

Amma 'yan'uwa, yadda za mu yi magana ma abin lura ne. Yarinyar nan da ke tsaye a wurin biya tun safe har dare, ba ita ta sa farashi ba. Wataƙila 'yar ƙungiyar mawaƙanmu ce, ko 'yar maƙwabcinmu daga Unguwan Boro ko Narayi. A wurare da yawa, idan kuɗi ya kasa a ƙarshen yini, daga ɗan albashinta ake cirewa. Kada ka kira ta ɓarauniya a gaban jama'a. Matsa gefe kaɗan domin layi ya wuce, duba takardarka a natse, ka ce, "'Yata, duba mani wannan layin." In ba ta da ikon gyarawa, ka nemi manaja. Kuma ka yi wannan tun kana cikin kantin, domin da zarar ka kai gida ka kwance leda, maganar ta zama taka da tasu. In kuwa ka tarar an manta ba a lissafa maka wani abu ba, wannan ma ka koma ka faɗa.

Yanzu bari mu juyo gida, ko da yake a nan ne za a daina cewa amin. A cikinmu akwai masu shago, akwai masu awo a kasuwa. Kun san abin da annabi Amos ya faɗa a sura ta 8 game da masu ƙanƙantar da mudu, ba sai mun maimaita ba. Abin da ya fi damunmu shi ne rasit ɗin ikkilisiya. An aiki ɗan kwamiti ya sayo siminti ko kujeru, ko shinkafar godiyar kaka. Mai shago ya ɗauki biro ya tambaye shi, "Nawa zan rubuta?" Wannan tambaya da kanta ta nuna cewa an saba. Mun taɓa zama a kan wani lissafin gini inda rasit ya nuna buhu hamsin, magini kuma ya tsaya a kan cewa arba'in da biyar aka sauke masa. Maganar ta ci mana wata uku, iyali biyu suka daina gaisawa. Kuɗin nan baikon gwauraye ne da na masu tura baro. Shawararmu ga dattawa ita ce, kada a ƙara aikan mutum ɗaya sayayyar da ta yi nauyi. A tura biyu, wani dabam kuma ya ƙirga kayan sa'ad da aka sauke, ya sa hannu a bayan rasit kafin a kai wa ma'aji. Wannan kāriya ce ga wanda aka aika, gama mai gaskiya ma yana bukatar shaida a ranar da baki ya yi yawa.

Ma'ajinmu ya roƙe mu mu ƙara abu ɗaya. Rasit ɗin da na'ura ke bugawa, rubutunsa yana gogewa bayan 'yan watanni, musamman in ya sha zafi. A taron ƙarshen shekara ya buɗe fayil ya tarar da farar takarda zalla. Saboda haka duk wanda ya yi wa ikkilisiya sayayya, ya ɗauki hoton rasit da waya a ranar, ko ya yi masa fotokwafi. Iyayenmu kuma da idonsu ba ya ganin ƙananan rubutu, shugaban matasa ya yarda za a samu yara biyu a bakin ofis bayan sujada kowace Lahadi, duk mai takardar da yake so a duba masa ya kawo.