Idan Kalmar Sirrin Kwamfuta Ta Ɓace

Da zarar mutum ya manta kalmar sirrin babban asusun kwamfutarsa, wato mai ikon saka manhaja da sauya tsari, sai ya garzaya wajen mai gyara a goge komai. Wannan gaggawa takan cinye takardu da hotunan shekaru, alhali akwai mafita.

A Windows, in asusun Microsoft ne, ana sabunta kalmar ta intanet daga wata na'ura, a turo lambar tabbatarwa ta imel ko waya. In asusun na cikin kwamfutar ne kaɗai, tun 2018 Windows 10 ta tanadi tambayoyin tsaro uku. A Mac kuwa, asusun Apple yakan wadatar, ko a shiga sashen farfaɗowa a rubuta umarnin resetpassword.

Inda gizo ke saƙa shi ne faifan da BitLocker, wato makullin bayanai na Windows, ya kulle. In ya nemi mabuɗinsa mai lambobi 48 kuma babu shi, ko kamfanin Microsoft ba zai iya buɗewa ba. Don haka tun yau ku nemo mabuɗin ku rubuta a takarda, ku kuma buɗe babban asusu na biyu. Masu gyara kuwa, ku tabbatar kwamfutar ta mai kawo ta ce kafin ku taɓa.