Jinin Guise da Coligny

Yaƙin Katolika da Furotesta ake kiran rikicin Faransa na 1562 zuwa 1598, amma a ganina gabar manyan gidaje ce ta riƙa hura wutarsa. A 1563 aka harbe kwamandan Katolika François na gidan Guise yana yi wa Orléans ƙawanya. Ɗansa Henri ya ɗora alhakin a kan Coligny, jagoran Furotesta, kuma shi ya jagoranci waɗanda suka kashe Coligny a Faris a 1572. Wani zai ce ai Coligny ya riƙe aƙidarsa da gaske. Haka ne, ba musu. To amma wa ya sa aka kashe Henri na Guise a Blois a 1588? Sarki Henri na Uku ne, ɗan Katolika irinsa, don gudun kada ya fi ƙarfin gadon sarauta.