Cinikin Tsofaffin Gidaje a Kafanchan



Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa a 1927, baƙi daga kudu da arewa suka kafa gidaje kusa da tasha da kasuwa. Jirgi ya ja baya, amma gidajen suna nan, kuma dillalai sun sa musu ido, domin fili a tsakiyar gari ba ya ƙaruwa.

To, akasarinsu gidajen gado ne. Mai gida ya rasu da daɗewa, ba a raba gado ba, magada sun warwatsu, wani yana Jos, wata tana aure a Kaduna. Sai ɗaya ya karɓi kuɗi a ɓoye, dillali ya soke la'adarsa a aljihu ya yi gaba. Bayan shekara biyu sauran su bayyana, mai saye ya koma zaryar kotu. Wasu gidajen ma cikin gaggawa aka rabu da su bayan rikicin zaɓen 2011, takardarsu ba ta wuce rubutun hannu ba.

Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, kuma sai da amincewarsa mallakar fili a gari take komawa hannun wani. Shaidar mai unguwa tana da daraja, amma ba ta isa ita kaɗai ba.

Mai saye, kafin ka biya ko kwabo, tara magada duka su sa hannu, sannan ka je hukumar filaye ta jiha, wato KADGIS, a duba maka takardun gidan.