Ɗalibanmu da Kogin Haɗeja



Duk mutumin Miga ya san ɓarnar da ambaliyar 2022 ta yi wa gonaki da gidaje a Jigawa, ya kuma san yadda kachala ke toshe hanyoyin ruwa a fadamar Kogin Haɗeja. A nan ɗaliban sakandare suna da rawar takawa.

Aikin shugaban ɗalibai ya wuce tsare ƙofa da kama makararru. Zai iya tara 'yan ƙungiyar ɗaliban kimiyya da fasaha ta JETS, tare da malamin kimiyya, su kafa sandar awo a gaɓar kogi, su riƙa rubuta hawan ruwa kullum. Su haɗa da hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa duk shekara, su aika wa masu unguwanni ta WhatsApp da Hausa. Manomin da ya ji da wuri zai tsira da hatsinsa.

Yaran yankinmu za su iya yin nisa a fannin fasaha: Kashifu Inuwa Abdullahi, da ya zama shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a 2019, ɗan Haɗeja ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Don haka muna roƙon ƙaramar hukuma da iyaye su sama wa makarantunmu kwamfuta da lantarkin hasken rana, domin yara maza da mata baki ɗaya.